Yadda mai shagon keke a Damagaram zai riƙe sana'arsa a gaban masu karya farashi

Duk mai sayar da kekuna ko mai gyaransu a Damagaram ya san irin fargabar da ke shiga zuciya ranar da wani babban ɗan kasuwa ya sauke mota guda ta sababbin kekuna a cikin kwalaye, ya jera su a ƙofar kantinsa tare da fankoki da talabijin, ya kuma yanka musu kuɗin da ko wurin sari ƙaramin mai shago bai samu haka ba. Tambayar da ke biyo baya ita ce ko irin wannan ciniki zai kashe ƙananan shagunan da ke Birni da Zango da Sabon Gari da kewayen Kasuwar Dole. Amsar da zan bayar ita ce, zai ƙwace musu reshe ɗaya na sana'ar, wato sayar da sabon keke mai araha, kuma ya kamata a bar masa wannan reshen ba tare da dogon ja-in-ja ba. Sauran rassan kuwa, haɗa keke da gyaransa da sayar da kayan gyara da sanin wane keke ne ya dace da wane aiki, suna hannun wanda ya iya, kuma kowane keke mai araha da ya shigo gari yana ƙara musu yawa.

Akwai ƙasar da ta riga mu shiga wannan hali, kuma abin da ya faru a can yana da amfani a sani. A Amurka, manyan kantunan rangwame irin su Walmart, wanda aka kafa a 1962, su ne suka mamaye cinikin keke mai araha. Kamfanin Schwinn na Shikago, wanda ya shekara da shekaru yana sayar da kekunansa ta hannun ƙananan shaguna, ya karye a 1992, kuma bayan da kamfanin Pacific Cycle ya saye sunan a 2001 sai kekunan Schwinn suka koma kan kantocin manyan kantuna. Shagunan keke masu zaman kansu sun ragu daga sama da 6,000 a shekarar 2000 zuwa ƙasa da 4,000 a 2015. Amma alƙaluman ƙungiyar masu shagunan keke ta ƙasar na wannan shekara ta 2015 sun nuna wani abu daban: manyan kantuna sun sayar da kusan kashi uku cikin huɗu na yawan kekunan, alhali kusan rabin kuɗin da aka kashe wajen sayen keke ya shiga ƙananan shaguna ne. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka daina gasar farashi suka riƙe inganci da gyara.

Ba za a kwafo wannan darasi yadda yake ba, domin mai shago a Amurka ya tsira ne da masu kuɗin da ke sayen keken wasa mai tsada, mu kuwa a nan mai sayen keke ɗan makaranta ne, ko mai ɗiban ruwa, ko manomin da ke kawo kaya kasuwa ranar Alhamis. Walmart bai zo Nijar ba, kuma kamfanin Decathlon na Faransa, wanda ya buɗe kantuna a Dakar da Abijan da Akara, yana nesa da mu. Abokin gasarmu shi ne attajirin da ke saro kaya da yawa daga Kano ko daga tashar jiragen ruwa, wanda keke a wurinsa haja ce kamar sauran haja. Wannan shi ne rauninsa, kuma a kansa za a gina duk abin da ke tafe.

Fara da sanin inda ribarka take

Kafin ka canza komai, ka sami littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita har tsawon wata biyu, kana raba shi gida uku: sayar da keke, sayar da kayan gyara, da kuɗin aikin hannu. Masu shaguna da yawa suna ɗauka sayar da sabon keke ne ke riƙe su saboda kuɗin yana zuwa a dunƙule. A ce, misali, ka sari keke jika 45 ka sayar jika 50 bayan ya yi wata uku a rataye. Ribar jika biyar ce, kuma jarinka ya kwanta duk tsawon wannan lokaci. Da ka zuba wannan jari a taya da tub da boris da robar birki, da ya juya sau da yawa a cikin watannin nan, kuma kowane juyi yana tafe da kuɗin ɗaurawa. Idan littafin ya nuna maka haka, to ka rage kekunan da kake ajiyewa zuwa kaɗan masu ƙarfi, ka mayar da sauran kuɗin kan kayan gyara.

Ka mayar da haɗa keke sana'a mai kuɗinta

Keken da ke cikin kwali bai gama zama keke ba. Masana'anta tana aiko shi ne a warware, tayar gaba daban, feda daban, kan keken a karkace, kuma a kantin babban ɗan kasuwa yaron da ke haɗa fanka shi ne ke haɗa shi cikin gaggawa. A nan ne mai gyara na gaskiya yake da abin sayarwa, kuma ina ganin wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci a wannan zamani.

Idan aka kawo maka sabon keke, ka fara da cibiyar tayoyin biyu. Ka kwance su ka duba, domin sau da yawa za ka tarar an matse boris fiye da kima kuma giris ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Keken da aka hau a haka, cikin rairayi da ƙurar hunturu irin tamu, yana cinye mazaunin boris ɗinsa cikin ɗan lokaci, kuma idan mazaunin ya rarake sai dai a canza cibiyar gaba ɗaya. Ka wanke, ka cika giris, ka ɗaure daidai yadda tayar za ta juya ba tare da girgiza ba. Haka za ka yi wa mazaunin feda na tsakiya da wuyan keken. A yawancin kekunan da ake hawa a nan, cibiyar baya tana ɗaukar ƙwayar boris mai kwatan inci guda tara a kowane gefe, ta gaba kuma tana ɗaukar ƙanana guda goma, saboda haka ka ajiye girma biyun, kada ka cusa wanda ka samu.

Bayan haka sai wayoyin taya. Sabuwar taya mai araha takan zo da wayoyin da wasu sun ɗaure wasu sun saki, kuma wannan ne ke sa rim ya karkace a makon farko. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarfinsu ya zo ɗaya, sannan ka cire taya ka duba ko an rufe kawunan wayoyin da roba a cikin rim. In ba a rufe ba, ka yanko tsohon tub ka naɗa, domin kan waya yana huda tub ta ciki, mai keken kuma ya riƙa zargin ƙaya. Ka duba fok, ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe tayar gaba, domin ana yawan ɗaura shi a juye. Lanƙwasarsa gaba take kallo. Feda kuma kowace da gefenta, ta hagu ana ɗaure ta ne ta juyawa hagu, kuma wanda ya tilasta ta shiga gefen da ba nata ba ya lalata haƙoran ƙarfen har abada. Akwai alamar L da R a jikinsu, a tsofaffin kekunan Faransa kuma G da D. Daga ƙarshe ka daidaita birki yadda robar za ta kama rim ba ta taɓa taya ba.

Ka yanka wa wannan aiki kuɗi guda sananne, ka rubuta a allo a ƙofar shago, ka kuma haɗa da alƙawarin cewa bayan mako biyu mai keken ya dawo ka sake matse wayoyi da birki kyauta, domin sabon keke dole ya saki bayan an fara hawansa. Dawowar nan ita ce ke mayar da baƙo abokin ciniki. Babu laifi kuma ka je wurin babban ɗan kasuwar da kansa ka ce masa, "Alhaji, duk keken da aka saya a wurinka a turo mini in haɗa, kai ka huta da ƙorafi, ni kuma in sami na cefane." Shi ma ba ya son a dawo masa da keke ana faɗa a ƙofar kanti, kuma ba shi da wanda zai gyara.

Kayan gyara: abin da babban kanti ba zai ajiye ba

Attajiri yana sayar da keke iri ɗaya ko biyu, amma kekunan da ke yawo a Damagaram sun fito daga wurare dabam-dabam: manyan kekunan ƙarfe irin Phoenix na Sin da Hero na Indiya, tsofaffin Raleigh da suka rage tun zamanin da kamfanin ke da masana'anta a Kano, kekunan gwanjo na Turai da na Japan, da sababbi masu giya. Kowane da girman tayarsa, kuma lambar inci da aka rubuta tana ruɗi ƙwarai. Tayar da ake kira 28 iri biyu ce: ta babban keken ƙarfe tana hawa rim mai milimita 635, ta kekunan Turai kuma 622, kuma ɗaya ba ta shiga mazaunin ɗaya. Wadda ake kira 26 ta fi haka rikici, domin ta keke mai giya 559 ce, ta yawancin kekunan gwanjo na Japan 590, ta wasu tsofaffin kekunan Faransa kuma 584. Ka koyi karanta ƙaramar lambar da ke jikin taya, irin 40-635 ko 37-590, ka kuma koya wa yaronka, domin lamba ta biyu ita ce ba ta ƙarya. Mutumin da ya zagaya kasuwa bai sami tayar kekensa ba sai a wurinka, ba zai tsaya yi maka dogon ciniki ba, kuma zai gaya wa wasu.

Haka abin yake ga sarƙa, wadda ta keke marar giya ta fi ta mai giya kauri, da kuma bawul, wanda shi ma iri uku ne, don haka famfonka ya zama yana da bakin da zai kama kowanne. Ka ajiye kaya hawa biyu, mai araha da mai kyau, ka faɗa wa mai saye gaskiyar bambancinsu, ka bar shi ya zaɓa gwargwadon aljihunsa. Abin da ba zan yafe wa mai shago ba shi ne ya sayar da na araha da sunan mai kyau, domin amana ita ce kaɗai hajar da attajiri ba zai iya saro ta ya karya farashinta ba.

Kada ka raina mai keken araha

Wasu masu gyara suna ganin an turo keken babban kanti sai su fara gori, suna cewa ai ga abin da araha ke jawowa. Wannan kuskure ne babba. Magidancin da ya tara kuɗi wata da watanni ya saya wa ɗansa keken zuwa makaranta bai yi laifi ba, abin da ƙarfinsa ya kai ya saya, kuma idan ka kunyata shi a gaban yaronsa ba zai sake tako ƙofarka ba. Ka karɓe shi da fara'a, ka nuna masa da hannu abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa. Idan hannun birki na roba ne ya karye, ka sa masa na ƙarfe. Idan giyar baya ce ke ta ba da wahala, kuma yaron a cikin gari kawai yake hawa, ka ba shi shawara a cire ta a mayar da keken marar giya, a rage sarƙa, domin Damagaram ba ta da hawan da zai sa dole sai da giya a yawancin hanyoyinta, kuma abin da babu shi ba ya lalacewa.

Akwai kuma ranar da gaskiya za ta sa ka ce kada a gyara. Idan jikin keken ya tsage a wurin walda, ko kuɗin gyaran ya doshi rabin kuɗin sabo, ka ce masa, "Baba, kuɗinka zai salwanta a nan, gara mu nemi na hannu mai ƙarfi." Za ka rasa aikin ranar, amma shi zai dawo sayen na gaba a wurinka. Tsohon keken kuma ka saye shi da ɗan abin da ya sauƙaƙa ka cire kayan da ke da sauran amfani.

Ka gina keken da ƙasar nan take buƙata

Keken kwali an ƙera shi ne don titi mai santsi da mahayi ɗaya, ba a yi shi don garin da ake fama da ƙarancin ruwa ba. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, wanda ya ɗaura huɗu ya ɗora wa tayar baya kilo 100 ban da nauyin kansa. Mai kawo itace ko buhun gero daga ƙauyukan wajen Mirya da Dirum shi ma haka. Waɗannan mutane su ne abokan cinikinka na dindindin, domin kekensu shi ne abincinsu, kuma babu kantin da ke sayar da abin da suke nema a shirye.

Ka ɗauki babban keken ƙarfe, sabo ko na hannu, ka sake ɗaure tayar baya da wayoyi masu kauri guda 36 ko 40, gwargwadon ramukan rim da cibiya. Ka haɗa kai da mai walda ya yi maka kariyar ɗora kaya ta rodi mai ƙafafu da ke sauka kan ƙarfen cibiyar baya, yadda nauyin ba zai rataya a kan ƙusa biyu ba. Ka canza faifan haƙoran baya daga mai 18 zuwa mai 20 ko 22, domin yana sauƙaƙa tuƙi a cikin rairayi da kuma lokacin da aka yi lodi, ko da yake gudun zai ragu kaɗan. Saboda tsidau da ƙayar aduwa, ka yanke bakin tsohuwar taya ka shimfiɗa ta a cikin sabuwa kafin ka sa tub; keken zai ɗan yi nauyi, amma faci zai ragu sosai. Wani zai ce ai mai faci yana rage wa kansa ciniki ke nan, ni kuwa ina ganin mutumin da ya yi wata biyu bai yi faci ba saboda aikinka shi ne zai kawo maka 'yan garinsu duka. Ka kuma hana su zuba baƙin mai a sarƙa har yana ɗiga, domin yana kama yashi ya riƙa cin ƙarfe. Ɗigo kaɗan na mai mai tsabta, a goge da tsumma, ya wadatar.

Kekunan gwanjo ma hanya ce mai kyau, tunda da yawansu sun fi sababbin kwali ƙarfi. Kafin ka saya ka tsaya ta gaba ka hango ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya, ka shafa ƙarfen da ke bayan wuyan keken ka ji ko ya tattare, alamar an taɓa yin karo da shi, ka kuma tabbatar sandar sirdi tana motsi. Wanda ka gyara ka sayar, ka ba da lamunin wata guda a kansa.

Sari, iyaka da bashi

Ƙarfin attajiri yana cikin yawan abin da yake saya a lokaci ɗaya, kuma masu ƙananan shaguna za su iya rage wannan tazara idan biyar ko shida suka haɗa kuɗi suka tura mutum ɗaya amintacce Kano ta hanyar Matamaye, a raba kuɗin mota da na duwan. Adashi tsakanin 'yan sana'a ɗaya yana yin wannan aiki, muddin an rubuta abin da kowa ya zuba da abin da ya yi oda. Iyakar kuma ba abin dogaro ba ce koyaushe: Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ke da ajiyar ƙananan kaya marasa lalacewa, irin boris da wayoyi da noti da robar birki, shi ne ya ci gaba da aiki a irin waɗannan lokuta. Taya da tub kuwa kada a tara su da yawa, domin zafi yana busar da roba. A ajiye su a inuwa nesa da kwanon rufi. Tunda darajar naira tana hawa tana sauka a gaban sefa, ka riƙa sa farashi bisa abin da za ka biya idan ka koma sari, ba bisa abin da ka biya a baya ba.

Bashi yana cikin abin da ya bambanta ka da babban kanti, kuma yana iya rusa ka idan ba ka yi masa iyaka ba. Ka bayar ga wanda kekensa ne hanyar samunsa kuma ka san gidansa, ka rubuta a gabansa, kada kuma ka ƙara wani kafin a biya na farko. Lokacin komawa makaranta a watan Oktoba da kwanakin kafin salla su ne lokutan da ciniki ke tashi, don haka sarinka ya riga su isowa.

Abu ɗaya da ke rage masu hawa keke fiye da kowane kanti shi ne babur da kabu-kabu da adaidaita, kuma wannan ba abin da mai shago zai tare ba ne. Abin da zai iya shi ne ya faɗaɗa aikin hannunsa zuwa duk abin da ke tafiya a kan taya da boris. Facin babur yana buƙatar ƙarin ƙarfen cire taya ne kawai da famfo mai ƙarfi. Kurar 'yan garuwa da baron dako suna cin taya da boris kullum. Kekunan nakasassu masu taya uku kuwa sarƙarsu da fedarsu da wayoyinsu duk na keke ne, masu su kuma suna shan wahalar samun wanda zai tsaya ya gyara musu da kyau, saboda haka ka ware musu lokaci, in da hali ka tura yaronka da jakar kayan aiki ya same su a inda suke.